Rijiyar Baffa

Da mahaifinsu ya rasu, 'ya'yansa maza biyu suka raba filin da ya bari a ƙarshen layi. Babban ya ɗauki ɓangaren da ke da rijiya da itatuwan lemo, ya ci gaba da aikin da ya tashi a cikinsa, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai ya ce mai lambu. Ƙaramin ya dubi nasa rabon, fili fetal babu ko inuwar da akuya za ta fake, ya yi tsaki ya shiga duniya. Sai da furfura ta fara tsiro masa sannan ya dawo, da mota da tumbi, yana magana da ƙarfi kamar kowa kurma ne. Ya ce masana'antar ƙanƙara zai kafa a filinsa.

Mai lambu yana da 'ya ɗaya tal, doguwa marar jiki, wadda kakarta ta laƙaba wa Siririya tun tana rarrafe. Uwarta ta daɗe da rasuwa. Da kuɗin latas da tumatir aka yi mata makaranta har ta gama karatun kimiyyar muhalli, ta dawo gida tana jiran aikin da bai zo ba. Kafin ya zo, ita ke jan guga da safe, uban yana bin kunyoyi da bokiti.

Ranar da Baffan nata ya zo gidan da zancen, a tsakar gida ya zauna kan kujera ɗaya da suke da ita, yayansa a bakin turmi, Kaka a kan tabarma tana kallon autanta kamar yau ta haife shi.

"Injin da zan kawo sai ya huda dutse ya wuce," in ji shi. "Ba irin wannan ramin kwaɗin naka ba, Yaya."

Siririya ta kawo masa ruwa, ta ɗan rusuna. "Baffa, kamar yaya za a riƙa ja a rana?"

"Iyakar abin da inji zai iya. Ba hutu."

"To ai ruwan da ke ƙarƙashin filinka shi ne ke ƙarƙashin lambun Baba, shi ne na gidan mai wanki, shi ne na duk layin nan. A sama aka raba filaye, a ƙasa ba a raba ba. Kuma abin da damina ta zuba ne kawai yake tsatsafawa a hankali ya taru. In ana ɗiba fiye da abin da ke shiga, rijiyoyin da ba su da zurfi su za su fara ƙafewa."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Yaya, makaranta ka kai ta ko gidan boka? Ke, kin taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa?"

"A'a, Baffa."

"Ni ma ban taɓa ba. Kin ga mun yi canjaras."

Kaka ta ce, "Rabu da sandar rake, ɗan nan. Tun tana goye ba ta yarda da kowa ba, ko nono sai ta shinshina."

Mai lambu bai yi dariya ba. Shekara da shekaru yana jiran ranar da za a ambaci gidansu da girma a layin, ga ta ta zo, 'yarsa tana neman zuba mata ƙasa. Ya ce, "Ɗauki kofin nan ki ba mu wuri."

Aka haƙa rijiyar burtsatse. Ruwa ya yi tsiri sama har ya jiƙa rufin maƙwabta. Aka kafa rumfar kwano, aka jera injuna, aka ɗora tankuna a kan ƙarafa. Samarin layin da a da suke zaman benci suka samu aikin lodin ƙanƙara, masu kifi da masu sayar da lemon kwalba suka riƙa zuwa da kurarsu tun da sassafe. Baffa ya fito da famfo ɗaya ta jikin katangarsa, ya ce kyauta ne, kowa ya ɗiba. Daga nan sunansa ya koma mai ƙanƙara, kuma ko atishawa ya yi sai an samu mai yi masa addu'a.

Shekarar farko babu abin da ya faru. Mai wanki, wanda gidansa ke jikin lambun, idan ya ga Siririya sai ya ɗago daga kan baho ya ce, "Malama, yau ne ruwan zai ƙare ko gobe? In sani in yi sauri." Ita ma takan yi murmushi. Har a ranta ta fara fatan a ce ita ce ta yi kuskure.

A rani na biyu ta ƙulla wa igiyar guga wata igiya. Kafin ranin ya raba, ta sake ƙulla wata. Guga ya riƙa fitowa da rabin ruwa rabin laka. Mai lambu ya kira masu yasa, suka shiga suka ƙara zurfi, ruwa ya dawo, sannan ya sake gudu kamar ana jan sa da hannu. Rijiyar mai wanki ta ƙafe ƙaf, ta gidan tela ta bi bayanta. Layin famfon Baffa ya yi tsawo har ya sha kwana. Da mutane suka yi yawa sai ya ƙara wani injin jan ruwa, da ya ƙara sai sauran rijiyoyin da suka rage suka bi sahu, masu su suka zo suka ƙara wa layin tsawo. Wata safiya aka tarar an sa wa famfon kwaɗo, ga wani ma'aikaci zaune a gefe. Kyauta ta ƙare, sai saye.

Masu hali a layin ba su tsaya jira ba. Mai kantin magani ya haƙa tasa burtsatsen, ya ce a zarce ta Baffa zurfi. Mai gidan haya ya haƙa tasa, ya ce a zarce ta mai kantin magani. Kowa ya shafe tsakar gidansa da siminti don kada laka ta ɓata masa takalmi, ta yadda in an yi ruwan sama sai ya bi kwata ya fice daga unguwar ko sallama babu.

Da abin ya ishi mutane, dattawan layi suka kira taro bayan la'asar a ƙofar gidan tela. Aka yi ta zagaye-zagaye. Wani ya ce zunubi ne ya yi yawa, wani ya ce rana ce ta matso. Baffa yana zaune a gaba yana kaɗa makullin mota, babu wanda ya dubi inda yake. Siririya tana tsaye a bayan mata, ta daure ta daure, sannan ta nemi izini.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce rijiyoyin nan duk daga wuri ɗaya suke sha, kuma wanda ya ƙara zurfi bai ƙara ruwa ba, ya dai riga ɗan'uwansa ne. Ta ce har yanzu da sauran dama: masu injuna su raba lokaci, kowa ya ja na ɗan wani lokaci ya kashe, a fasa simintin gidaje a bar ƙasa ta sha damina, a haƙa rami a gangaren layi inda ruwan sama zai kwanta ya nutse. Ta ce masana'antar ƙanƙara kaɗai tana shan abin da ya fi na duk gidajen a haɗe, don haka daga nan ya kamata a fara.

Babu wanda ya goyi bayanta. Rabin mazan da ke zaune 'ya'yansu a wurin Baffa suke aiki, dukkansu kuma a famfonsa suke sha. Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Madalla," ya ce. "Tun da ni ne matsalar, daga gobe na rage. Famfon waje zan fara rufewa. Mai jin ƙishi ya je gidan yayana, akwai mai ilimi a can."

Ya rufe kuwa. Kwana na farko mutane suka ci da abin da ke randa. Kafin a kai ga na uku, mata suka fara zuwa ƙofar gidan mai lambu suna jera bokitai da jarkoki babu komai a ciki. Ba su yi zagi ba. Suka zauna a gefen kayansu da 'ya'yansu, duk wanda ya yi kuka sai uwarsa ta nuna masa ƙofar ta ce, "Je ka, Anti za ta ba ka." Matar mai wanki ta leƙa zaure ta ce, "Salamu alaikum, mun zo a karanta mana ruwa."

Mai lambu ya shiga ɗakin 'yarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Tashi ki sa mayafinki."

"Baba, ƙarya na yi?"

"Ban tambaye ki ba. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kin tsaya gaban jama'a kin tsinka shi. Tashi."

Ya sa ta a gaba, matan suka kwashi bokitai suka biyo su. Baffa yana bakin ƙofar masana'anta, ana loda wa wata mota ƙanƙara, ruwan da ke ɗiga daga ita ya yi tabo a ƙasa. Siririya ta durƙusa a cikin tabon ta ce ya yi haƙuri.

"Ni ba ki yi mini komai ba, 'yata," in ji shi da murya mai taushi. "Waɗannan kika sa wa ƙishi. Juya ki gaya musu. Ruwan ƙasa yana ƙarewa?"

Ta juya ta dubi matan. Daga bayanta uban ya ce, "Faɗa mana, 'yar nan."

"Ba ya ƙarewa."

"Na baya ba su ji ba," in ji Baffa.

"Ba ya ƙarewa!"

"To wa ya ce miki yana ƙarewa?"

"A makaranta aka koya mana."

"Makarantar ta taɓa ba ki ruwa kin sha?"

Aka fashe da dariya, har da matan da leɓunansu suka bushe. Baffa ya zaro makullin famfon ya jefa mata a cinya, ya ce ita ta rufe, ita za ta buɗe. Tana cire kwaɗon aka yi ca a kan famfon, aka banke ta gefe, wata ta taka mata hannu ba ta ko waiwayo ba. Uban yana can yana yi wa ƙaninsa godiya.

Famfo ya dawo, amma lambu ba ya rayuwa da ruwan jarka. Latas ya fara tafiya, tumatir ya bi, ganyen lemo ya naɗe kamar kunnen ɓera. Mai lambu ya jima yana juya abin a ransa, sannan wata rana ya sa rigarsa mai kyau ya je ofishin ƙaninsa, ya roƙi a ba shi bututu ɗaya ta kan katanga.

Baffa ya ce ruwa mai kyau ya yi kaɗan yanzu, ko injunansa da ƙyar suke ƙoshi. Amma akwai wanda suke zubarwa a kwata. Zai sa a juya masa shi, ai ɗan'uwa ya wuce haka.

A cikin ruwan gishiri ake daskarar da ƙanƙara. Gwangwanayen ruwa mai kyau ake jerawa a wani ƙaton kwami cike da shi, in ya tsufa a zubar a haɗa sabo, ya gauraya da ruwan wanke daɓe ya fita. Shi ne ya fara kwarara cikin lambun. Siririya ta tara hannu ta ɗanɗana, ta tofar.

"Baba, gishiri ne. Kar ka ba su."

Shi ma ya ɗanɗana. Ya daɗe yana kallon bututun. "Ɗan kaɗan ne. Mu ma ai muna ci."

"Mu yana fita daga jikinmu. Ƙasa in ta sha, ruwan ne zai tashi ya bar mata gishirin. Kullum ƙaruwa zai yi."

"To me zan ba su? Bakinki?"

Ya buɗe hanya, ruwan ya bi kunyoyi. Kwanakin farko ganye ya miƙe ya yi shar, mai lambu ya riƙa yawo a tsakanin itatuwa yana 'yar waƙa, yana satar kallon 'yarsa. Sannan bakin ganyen ya fara ƙonewa. Sannan wani farin ɓawo ya fito a kan ƙasa, in an taka sai ya yi ƙaras-ƙaras. Itatuwan lemon da kakanta ya dasa suka zubar da 'ya'yansu tun suna ƙanana, suka tsaya tsirara. Da damina ta zo ya yi shuka, iri ya ƙi fitowa. Ko ciyawa ba ta yarda da wurin ba.

Siririya ta tare Baffa yana shirin shiga mota. "Baffa, ka san da gishiri a ciki."

"Na san ruwa ne. Shi ya zo ya roƙa, na ba shi abin da nake da shi." Ya gyara madubi. "Ki gaya masa ya daina damuwa. Maigadina ya tafi, ya zo ya riƙe mini ƙofa."

Haka mai lambu ya koma zaman benci a ƙofar ƙaninsa, yana buɗe wa motoci yana rufewa. Samarin da ya sha ba su lemo kyauta suna yara suka riƙa kiransa Baba maigadi, suna aikensa sayen sigari. In Baffa ya yi baƙi ba ya cewa yayansa ne. Shi kuma bai taɓa gyara masa ba.

Ba a daɗe ba injin babbar rijiyar ya fara tari. Sai ya jawo ruwa, ya jawo iska, ya jawo yashi. Ƙanƙarar ta fara fitowa ja-ja da ɗanɗanon tsatsa, masu kifi suka koma wani wuri. Aka sauke injin ƙasa, aka sake saukewa, har bututu ya ƙare. Ta mai kantin magani ta tsaya, ta mai gidan haya ta tsaya. Baffa bai yi jayayya da ƙasa ba. Wata hantsi manyan motoci suka zo, aka kwance injuna da tankuna da kwanon rufi, aka zare injin rijiyar aka liƙe bakinta da walda. Ya riga ya sayi fili a wani gari, inda aka ce ruwa yana kusa.

Siririya tana shanya ta ga an fito da akwatin Kaka. Tsohuwar ta fito a bayansa tana dogara sanda, sanye da zanenta na fita.

"Kaka, ina zuwa?"

"Ƙawata, kar ki ga laifina." Ba ta ɗago ido ba. "Ƙafafun nan ba za su iya layin ruwa ba. Ki kula da ubanki."

Mai lambu ne ya buɗe musu ƙofar, kamar kullum. Baffa ya sauke gilashi ya ce, "Yaya, ka riƙa leƙa mini filin, kar a mayar da shi juji." Motar ta wuce. Ya rufe ƙofar da babu komai a bayanta, ya koma ya zauna a bencinsa har rana ta faɗi.

Daga nan layin ya koma jiran tankar ruwa, wadda ke zuwa ranar da ta ga dama. Samari suka koma benci. Mai wanki ya sayar da bahonsa da dutsen gugarsa. Mutane suna buƙatar wanda za su tsana, mai ƙanƙara kuma ya yi nisa, ban da haka ma har yanzu akwai masu fatan ya aiko a kai masa 'ya'yansu aiki. Siririya ce a kusa. In ta ajiye jarkarta a layi ta juya, sai ta tarar an shure ta zuwa baya. In ta wuce, uwaye su janye 'ya'yansu. Aka ce bakinta ba shi da kyau, abin da ta ambata sai ya faru.

"Tun kakanninmu muke shan ruwanmu lafiya," in ji mai wanki a gaban kowa, ranar da tanka ta ƙare kafin a zo kansa. "Sai da wannan ta buɗe baki."

"Ni na haƙa?" in ji ta.

"Ke kika faɗa."

Ta dawo gida da rabin jarka. Uban yana zaune a gindin wani busasshen lemo yana ɓare ɓawonsa da farce. Ta zuba masa a kofi ta miƙa. Ya karɓa ya sha, ya riƙe kofin.

"Da kin yi shiru ran nan," ya ce, "da wataƙila ya tafi da ni."

Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

Labarin bakinta ne ya samo mata aiki. Manajan wani kamfanin haƙar rijiyoyi ya ji ana zancen yarinyar da ta san inda ruwa zai gudu tun bai gudu ba, ya aiko a kira ta. Ofishinsa sanyi ƙalau. Ya yi mata tambayoyi a kan duwatsu da yashi da gangaren ƙasa, ta amsa duka, yana gyaɗa kai.

"Muna asara wajen haƙa inda babu komai," ya ce. "Wanda zai nuna mana daidai wurin muke nema. Amma na ji an ce kina wa'azi. Mu nan ba ma wa'azi."

"Na daina," in ji ta.

Aikinta na farko a ɗaya gefen gari ne, inda wani attajiri ke gina wurin wankin motoci a tsakiyar ƙananan gidaje. Ta yini tana auna filin, da hular kwano a kanta, ma'aikata suna bin ta da wayoyi da turaku. Da rana ta take, wata mata daga gidan da ke jikin filin ta fito da goyo a bayanta da kofin silba a hannu.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Ga ruwa, na ga tun safe kike tsaye."

Ruwan sanyi ne, mai daɗi, da ɗan ƙamshin ƙasa. Siririya ta shanye.

"Na rijiyarmu ne," in ji matar da alfahari. "Igiya gaba uku kin taɓa shi. Duk maƙwabta nan suke ɗiba." Ta gyara goyonta, ta dubi ƙaton injin da ke kan mota. "Ni dai in tambaye ki, tun da ke kika sani. Wannan abin ba zai taɓa mana ita ba ko?"

Siririya ta miƙa mata kofin. "Babu abin da zai same ta."

"Alhamdulillahi. Dama mijina ya ce in tambaya." Ta juya ta koma gida tana yi wa jaririn wasa.

Direban injin ya leƙo ya ce, "Injiniya, ina za mu kafa?"

Awon ya nuna wuri biyu. Ɗaya can ƙarshen fili wajen titi, ruwansa daidai gwargwado. Ɗayan ya fi shi nesa ba kusa ba, dab da bayan ɗakin matar. Siririya ta taka zuwa na biyun, ta soka turke da ƙafarta.

"Nan," ta ce. "Ku matso da shi."